Wasiƙa daga Abeokuta kan mutanen da Jihar Ogun ta haifa

Abeokuta, Jihar Ogun.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan mutanen Damagaram, na samu wasiƙarka kuma na ji daɗin tambayar da ka yi mini game da wannan jiha da aiki ya kawo ni, musamman da ka ce sunayen 'ya'yanta sun cika fitowa a labaran Najeriya da kuke saurara a rediyo. Gaskiya ka faɗa. An ƙirƙiri Jihar Ogun ranar 3 ga Fabrairu 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, saboda haka mutanen da zan ambata maka duk sun girme ta, amma a garuruwanta aka yanke musu cibiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowannensu ya kama tasa hanyar, har ma a samu 'yan ɗaki ɗaya da sana'o'insu ba su yi kama da juna ba.

Na 'yan siyasa ka riga ka san yawancinsu. Obafemi Awolowo, wanda hotonsa ke kan takardar naira 100, a Ikenne aka haife shi a 1909, kuma shi ne Firimiyan Jihar Yamma da ya fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955. Olusegun Obasanjo da Mashood Abiola kuwa an haife su a shekara ɗaya, 1937, kuma sun yi makarantar sakandare ɗaya ta mishan a nan Abeokuta. Na farko ya shiga soja, ya zama shugaban ƙasa, ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a 1979, ya sha ɗauri har a gidan yarin Yola, sannan ya fito aka zaɓe shi a 1999. Na biyu ya taso yana sayar da itacen girki, ya karanta aikin akanta a Glasgow, ya yi dukiya mai yawa, ya tsaya takara a zaɓen 12 ga Yuni 1993 wanda ya kayar da Alhaji Bashir Tofa har a Jihar Kano, aka soke zaɓen, ya rasu a tsare a 1998.

Gidan da nake so ka sani sosai shi ne gidan Ransome-Kuti. Maigidan limamin coci ne kuma malamin makaranta, shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman Najeriya. Uwargidan, Funmilayo, wadda aka haifa a 1900, ita ta haɗa kan matan kasuwar Abeokuta suka yi zanga-zanga a ƙofar fada kan harajin da aka ɗora wa mata, ba su sassauta ba sai da Alake Ademola, sarkin Egba, ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. Labarinta ya kai Arewa, har Hajiya Gambo Sawaba ta taso daga Zariya ta zo Abeokuta domin ta gan ta ta kuma koyi yadda ake tsara gwagwarmayar mata. Wani abin lura shi ne, ɗan wannan sarki da matan suka tasa a gaba, Adetokunbo Ademola, shi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1958.

Daga cikin 'ya'yan Funmilayo, Fela ne duniya ta fi sani, saboda kiɗa da waƙoƙinsa masu caccakar gwamnatocin soja, kuma a gidansa na Legas ne sojoji suka jefo mahaifiyarsa ta taga a 1977, ta rasu a shekarar da ta biyo. Ƙaninsa Beko likita ne da ya sha ɗauri saboda kare haƙƙin ɗan Adam. Amma ni wanda na fi girmamawa shi ne yayansu, Farfesa Olikoye, likitan yara da aka haifa a Ijebu-Ode a 1927, wanda ya yi ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya dage cewa lafiyar talaka a ƙaramin asibitin ƙauye take farawa, ya ƙarfafa allurar riga-kafi da shayar da nonon uwa da amfani da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Uwar da ta haɗa wa ɗanta wannan ruwa a wani ƙauyen Katsina ko Sakkwato ba lallai ta taɓa jin sunansa ba, alhali aikinsa ya shiga ɗakinta. Kuma da Fela ya rasu a 1997, Olikoye ne ya fito ya shaida wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa, a lokacin da iyalai ke ɓoye wannan cuta kamar abin kunya. Ina ganin ƙarfin zuciyar da ya nuna a ranar bai gaza na mahaifiyarsa a ƙofar fada ba.

Akwai wani likitan kuma da ya cancanci a riƙa ambatonsa, Farfesa Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa. Da ya kama aiki a asibitin Aro a 1954, sai ya ga cewa kulle mai taɓin hankali a ɗaki nesa da danginsa yana ƙara masa ciwo, don haka ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kusa suka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu, kowane da ɗan'uwansa mai jinyarsa, suna zuwa asibiti da rana suna karɓar magani. Bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su ya yi aiki da su, domin ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Wannan tsari ya yi suna a duniya, kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk wanda ya taɓa ganin mai taɓin hankali ɗaure cikin mari a garuruwanmu zai gane dalilin da ya sa nake jinjina wa wannan bawan Allah.

A fagen rubutu akwai Wole Soyinka, ɗan dangin gidan Kuti ta wajen uwa, wanda aka haifa a 1934, aka tsare shi a gidan yarin Kaduna lokacin yaƙin basasa, ya kuma samu kyautar Nobel ta adabi a 1986. Tun da na san kai mai son ƙwallo ne, Muda Lawal da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a 1980 shi ma ɗan Abeokuta ne.

Idan ka tambaye ni dalili, a ganina makaranta ce da ta riga zuwa nan. Tun a 1859 aka fara buga jarida da harshen Yarabanci a garin nan, wadda ita ce ta farko a ƙasar, kuma iyaye Musulmi da Kirista sun daɗe da yarda cewa karatun yaro ya cancanci a matse bakin aljihu. Da karatu ya yawaita, sai ƙofofi suka yawaita, kowa ya shiga wadda ta dace da baiwarsa.

Idan Allah ya kawo ka Najeriya bayan damina, ka ƙaraso Abeokuta in kai ka Dutsen Olumo da asibitin Aro, mu kuma leƙa 'yan'uwanmu fataken goro na Sabon Shagamu. Ka gaishe mini da Baba da Inna, da uwargida da yara duka. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.