Akori-kurata Ta Samu Sabbin Ƙafafu

Gombe, daren Asabar.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Hajiya na gaishe ka.

Ka tambayi labarin Hilux ɗina. To, mako uku ta yi a gareji ƙafa sama. Hanyoyin ƙauyukan Dukku da Nafada, ga buhunan masarar da nake kwasowa zuwa Tudun Hatsi, sun cinye mata ƙafafun gaba, duk bayan damina sai na sauya bushin, robobin nan na mahaɗar ƙafafun. Da na gaji, na je Ƙofar Ruwa a Kano na sayo aksil ɗin gaba na tsohon yayi, irin wanda Hilux ke zuwa da shi har wajen 1997, ƙarfe guda miƙaƙƙe mai haɗa tayoyin gaba biyu, da ake ɗaure shi da sifirin mai falle-falle.

Kafin in biya kuɗi, na juya taya ina ƙirga zagayen da bakin farfela ke yi, wato inda sandar da ke kawo ƙarfin inji take haɗuwa da aksil. Dole lissafin ya zo ɗaya da na aksil ɗin baya, in ba haka ba ranar da ka saka giyar taya huɗu, gaba da baya za su yi ta kokawa har wani abu ya karye. Mai shagon dariya yake mini, ni ko a jikina.

Matsalar daga wajen walda ta ɓullo. Ka san sifirin wuri biyu yake kama shasi: gaba a kafe, baya kuma da ɗan lilon ƙarfe, don in nauyi ya danne shi ya miƙe, ya samu wurin tafiya. Na ce wa mai waldan ya ɗan ɗiɗɗiga walda kawai a wuraren nan biyu, mu sauke motar a ƙasa da nauyin injinta, mu auna tukuna. Na tafi sallar La'asar, kafin in dawo ya yi wa ko'ina walda tsaf, har yana shafa fenti! Da muka sa tef daga ƙusar tsakiyar sifirin zuwa aksil ɗin baya, hagu ta ɗara dama da faɗin yatsa guda. Yatsa guda fa, amma da muka fita titin Bajoga gwaji, mota na tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Haka muka dawo aka yanke waldar. Kwana biyu suka tafi a banza, kuma ban ce masa uffan ba, don surukin makanikina ne.

Bayan nan sitiyari ya ƙi komawa daidai da kansa in an sha kwana. Ashe aksil ɗin ya ɗan kifa gaba. Wani siririn ƙarfe mai kaifin gatari muka cusa tsakaninsa da sifirin, ya ɗan jingina baya, shi ke nan ta nutsu. Tiyon birki da shokozoba kuwa dogaye muka saya, tun da motar ta ƙara tsayi.

Gaskiya yanzu ta fi jijjiga in babu kaya, uwargida har ta ce ta daina shiga. Amma jiya na hau da ita gangaren wani rafi da buhu goma sha biyu, ko tari ba ta yi ba. Saura in sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin, don sukan saki bayan 'yan kwanakin farko.

In za ka zo Babbar Sallah, ka gaya mini da wuri in ɗauko ka a tasha, ka ji ta da ƙugunka. A gaida yara.

Naka,
amininka na Jekadafari.