Madara da Wa'azin Lafiya a Amurka ta Ƙarni na 19

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan yadda malaman Kirista masu wa'azin kula da lafiya a Amurka suka ɗauki madara a ƙarni na 19, domin sau da yawa ana yi musu kallon masu tsanani kawai.

Fargabarsu tana da tushe. A birnin New York ana tsare shanu kusa da masana'antun giya, ana ciyar da su da dusar da aka tace, sannan a tatsi madararsu a sirka da ruwa, a zuba mata alli don ta yi fari, a sayar wa iyaye mata. Jarirai da dama sun mutu. Robert Hartley, mai yaƙi da shan giya, ya yi rubutu a kai a 1842, amma sai da jaridar Frank Leslie ta tona asirin a 1858 hankalin jama'a ya tashi.

Ellen White ta Cocin Adventist, wadda ta fara wa'azin gyaran abinci a 1863, ta ja kunnen mabiyanta kan haɗa madara da sukari mai yawa, amma ba ta haramta madara ba, kuma a ganina nan ta fi wasu mabiyanta masu son haramta ta hangen nesa, tunda wa'azinta ya yi kira a bar cin nama, kuma talakan da aka raba da nama ba shi da abin maye gurbinsa in an hana shi madara.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya