Zuwa ga Edita: abin da kuka yi wa Baffana a shirin ranar tsofaffi bai dace ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaisuwa gare ka da abokan aikinka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba don raina a ɓace yake, sai da na bari na ɗan huce ma kafin in ɗauki waya in rubuto, in ba haka ba abin da zan faɗa ba zai karantu a iska ba. Maganar shirin nan naku ne na ranar tsofaffi, ka san wanda nake nufi. Dattijon nan na Garwa ta Kamaru da kuka sako muryarsa a tsakiyar shirin, wanda ya ce "Allah ya yi muku albarka, Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya" sai kuka ɗora kiɗa a kai, to Baffana ne, wan mahaifina. Kuma wannan ba ita ce hirar ba, addu'ar sallama ce kawai da ya yi wa wakilinku lokacin da yaron ke neman takalminsa zai tafi. Ita kaɗai kuka ga ta isa a sa. Haba Malam Edita!

Wakilin naku ya shigo gidanmu bayan la'asar, bai tashi ba sai da aka kira magariba. Shi ban ga laifinsa ba, yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya sha shayin Goggo har ƙaramin kofi na uku, kuma ni ina zaune a gefe ina maimaita wa Baffa tambayoyi saboda kunnensa na hagu ya yi nauyi, don haka babu abin da wani zai gaya mini game da abin da aka faɗa a wurin. To ina maganar ta shiga? Waye a cikinku ya zauna a ofis ya sa mata almakashi?

Lokaci ne babu? Kar a ce mini haka, don na saurari shirin daga farko har ƙarshe. Kun samu lokacin gaya mana cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware 1 ga Oktoba don tsofaffi tun 1990, to madalla. Kun samu lokacin tsohuwar nan ta Faransa, Jeanne Calment, da ta yi shekara 122 ta rasu a 1997, har mai gabatarwa yana ta dariya wai ta sha taba har ta haura ɗari. Kun kai mu Japan inda ake hutun aiki a watan Satumba don girmama tsofaffi. Ban ce ƙarya ba ne, ban ce ba daɗin ji, ni ma na ƙaru. Amma duk wannan yaro ɗan lekol zai zaro maka shi a waya kafin ruwan shayi ya tafasa, gobe ma yana nan, jibi ma yana nan. Abin da ke cikin kan Baffa kuwa ba ya cikin wayar kowa, kuma mutumin ya haura tamanin da biyar.

Tunda kun hana mutane su ji, bari in gaya maka kaɗan daga abin da kuka zubar, ko ka karanta ko kar ka karanta.

Baffa ya yi aikin lebura a tashar jirgin ruwa ta Garwa tun yana saurayi. Na san yaran yanzu da yawa, har ’yan garin nan, in ka ce musu jirgin kaya ya taɓa tsayawa a Garwa sai su ɗauka zolaya kake, don su Binuwai ɗin da suka sani shi ne wanda ake ɗibar yashi a cikinsa da rani. Ya gaya wa wakilinku yadda jirage ke tasowa daga Burutu can bakin teku, su biyo Kwara har Lokoja, su shigo Binuwai su wuce Makurɗi da Ibi da Numan da Yola sannan su iso mu, kuma ba kullum ba, sai ruwa ya cika tsakiyar damina, ’yan makonni ne kawai, saboda haka aiki ba dare ba rana don in ruwa ya fara ja jirgi bai juya ba to ya kwana a yashi sai baɗi. Su sauke gishiri da siminti da kananzir da yadi, su loda gyaɗa da fatu da auduga, har audugar Cadi ta nan take bi ta fita. Ya miƙe tsaye da sandarsa a tsakar gida ya gwada yadda ake taka katakon da aka gitta daga gaɓa zuwa jirgi da buhu a wuya, wai ba a kallon ruwa, ƙeyar na gabanka kake kallo, kuma sai ka bi lilon katakon, in ka yi gardama da shi ya watsar da kai. Kowane buhu ka kai malamin lissafi ya miƙo maka tsinke ɗaya ka soke a hula, da yamma a ƙirga tsinke a biya ka. Har waƙar da suke yi in sun gaji ya rera, muryarsa na rawa, Goggo da suka yi shekara fiye da hamsin tare ta ce ita ba ta taɓa jin ta ba sai ranar. Wannan fa duk yana cikin na'urar yaronku.

Da aka tambaye shi me ya kashe tashar bai yi kame-kame ba. Ya ce yaƙin Biyafara ne ya fara toshe hanyar daga 1967, kafin a farfaɗo jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma bin Duwala, sannan aka datse ruwa a Lagdo a 1982. Mutumin da ko ajin farko bai shiga ba, allo kawai ya yi, amma ya jero maka dalilai uku a tsare. Shi shekarun ba da lamba yake faɗarsu ba, da haihuwar ’ya’yansa yake ƙirgawa, ni ne na daidaita maka su.

Bai tsaya nan ba. Ya ba da labarin da ya ji daga bakin kakanmu, wanda yana yaro lokacin da Turawan Ingila da na Faransa suka yi wa Jamusawa ƙawanya a Garwa a 1915, da igwar da aka hauro da ita ta ruwa, da yadda mutane suka kwashe yara suka fice daga gari, har Jamusawan suka miƙa wuya a watan Yuni, su kuma na kan dutsen Mora suka ƙi saukowa sai Fabrairun 1916, su ne na ƙarshe a duk Kamaru. Ya yi maganar ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wadda ta sa ƙanwarsa da ke aure a Mubi ta wayi gari ’yar Najeriya shi yana ɗan Kamaru, uwa ɗaya uba ɗaya. Kana ganin masu sauraronku na Mubi da Yola ba za su so jin wannan ba? Su ma fa tarihinsu ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daren da aka sa shirin. Tun da rana Baffa ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Juma'a, na ce Baffa rediyo ce fa ba talabijin ba, ya ce ai muryar mutum ma tana da mutunci. Kuran, wato wutar lantarki, babu kamar kullum, na sayo sabon batir. Ya aika a kira abokansa biyu da suka rage cikin waɗanda suka yi aikin tasha tare, ɗaya ma sai da aka ɗauko shi a moto don ƙafa ta ƙi, maƙwabta suka cika tabarma, jikoki aka yi musu tsawa suka yi tsit. Aka yi ta jira, aka wuce Faransa, aka wuce Japan, sai ga muryarsa, kafin Goggo ta gama cewa "ga shi nan" har kiɗa ya hau. Muka zauna muna jira ko za a dawo da shi. Ba a dawo ba. Da aka yi sallamar shiri ya juyo ya ce da ni, "Duba mana, ko batirin ne?" Wallahi Malam Edita ban san abin da zan ce masa ba. Abokin nasa ne ya yi ta maza ya mai da abin wasa, ya ce to ai ko ba komai duniya ta ji ka iya addu'a. Aka yi dariyar yaƙe aka watse. Kun gayyaci mutum cin tuwo kun ba shi ruwan wanke hannu kun ce ya tashi.

Sannan ga kacici-kacicin da kuka cinye sauran lokacin da shi. Wai menene tsohon sunan Njamena. Wani matashi ya bugo, kowa na jin shirun da ya yi yana latsa waya, sannan ya ce Fort-Lamy, aka yi masa tafi aka ba shi katin waya. Ba na baƙin ciki da rabonsa, Allah ya sa masa albarka. Amma mai gabatarwa da bakinsa ya ƙara da cewa an canja sunan ne ranar samun ’yancin kai, kuma ba haka ba ne, Cadi ta samu ’yanci a 1960, sunan kuwa sai 1973 zamanin Tombalbaye aka canja. Daga kan tabarma Baffa ya gyara masa, don bayan tasha ta mutu karen mota ya koma, yana bin kamyo zuwa can tun ana tsallaka ruwa da bak, wato jirgin fito, daga Kusiri, ba a yi gadar Ngeli ba tukuna. Ya san Lamy ɗin kwamandan Faransa ne da ya mutu rana ɗaya da Rabe a yaƙin Kusiri a 1900. Wanda ya san amsar da ƙafarsa kun kashe masa murya, wanda ya kwafo a waya kun ba shi kyauta, a shirin da kuka ce na girmama tsofaffi ne. Ni abin ma dariya yake so ya ba ni amma ta ƙi fita.

Kuma don Allah ku gaya wa mai gabatarwan nan ya rage karin maganar nan ta abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi. Ya faɗa a farko, ya faɗa a tsakiya, ya rufe da ita. To me babban ya hango? Ai ba ku bari ya faɗa ba. Kirari kam kun yi musu, iyayenmu, ginshiƙanmu, fitilarmu, amma duk a bakinku ku matasa da wani malamin jami'a da kuka ba kusan rabin shirin yana ta Turanci cikin Hausa. Ban raina iliminsa ba, sai dai ranar ba tasa ba ce. Irin su Baffa ba su da fansho, ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a takardar aiki ta kirki, ɗan abin da ya tara a akwatin ƙarfe ma karyewar darajar sefa ta 1994 ta raba shi biyu. Bai roƙe ku kuɗi ba, bai ce a kawo masa shinkafa ba. A ji shi kawai yake so, kuma ku kuka zo har gida kuka sa masa rai, ba shi ya neme ku ba.

Ga abin da nake so, kuma ba alfarma nake roƙo ba don haƙƙinsa ne. Ku nemo hirar nan ku sa ta yadda take, ko a kashi biyu ne, ku sanar kafin ranar don in sake tara masa mutanensa. In kun ga ba ta kai matsayin iskarku ba to ku turo mini ita ta WhatsApp, wakilinku yana da lambata, jikokinsa su ajiye. Kar dai in ji an ce an goge don wuri ya cika a kwamfuta, wannan kam ba zan yafe ba. Kuma ku daina jiran sai Oktoba ta zagayo, a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena akwai tsofaffin da iyayensu suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, akwai waɗanda suka ga fari na 1973 da na 1984, akwai tsofaffin mata ungozomomi da rabin unguwa ta hannunsu ta fito. Ko minti goma a mako ku ware musu, ku rage gaishe-gaishen nan na wane yana gaida wance da ba ya ƙarewa.

Af, tunda na riga na rubuto, akwai wata kuma da ta daɗe tana damuna. Shirinku na farashin kasuwa kullum da naira kuke faɗa, buhun masara naira kaza, albasa naira kaza, sa naira kaza, kamar mu nan ba ma cin abinci. Albasar da kuke faɗar kuɗinta wata ma daga wajen Marwa ta fito, shanun kuwa da yawa na Cadi ne ta ƙasarmu suke ratsawa. Mu da sefa muke ciniki, kuma canji yau daban gobe daban, kafin mutum ya gama lissafi kun wuce zuwa wake. Me zai hana ku faɗi na kasuwar Garwa ko ta Marwa ko sau ɗaya a mako, jaka kaza da dala kaza, yadda ’yan kasuwarmu za su gane? Na taɓa turo saƙo a kan haka ba a karanta ba, wannan ma ina jira in gani.

Wassalam,
mai sauraronku daga Garwa, Kamaru.