Wasiƙa Zuwa Kumasi: Almasihun da Yahudawa Suke Jira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da sauran mutanen Zango. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka maƙala a ƙarshensa, wadda ka ce ta taso ne a hirarku da maƙwabcinka Kirista: tun da Yahudawa sun daɗe suna jiran Almasihu, me ya hana su karɓar Annabi Isa (AS) da ya zo? Ka ce ka amsa masa da cewa taurin kai ne. Ban ce babu masu taurin kai ba, amma amsar ta yi gajarta, domin waɗanda suka fara bin sa ma kaf ɗinsu Yahudawa ne. Tun da malamin tarihi ka tsokano, sai ka gyara zama. Zan bi abin da littattafan Yahudawa da na Kirista da marubutan zamanin suka kawo.

Su Bani Isra'ila ba rawani suke naɗa wa sarki ba, mai ake zuba masa a ka, kuma wanda aka yi wa haka shi ne almasihu a wurinsu. Littattafansu sun ce Allah ya yi wa Annabi Dawuda alkawari cewa sarauta ba za ta bar gidansa ba. Sai ga shi wajen shekara ta 586 kafin miladiyya Nebukadnezzar na Babila ya rushe Ƙudus, ya ƙone Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu, ya kwashi manyan gari bauta. Daga baya Sairus na Farisa ya bar su suka koma suka sake gini, amma gadon sarautar Dawuda ya zauna ba kowa a kai. Farisawa suka wuce, Girkawa suka zo. Makabiyawa, wani gidan Yahudawa, sun ƙwato 'yanci bayan tawayen da ya fara a 167 kafin miladiyya, sai dai su gidan limamai ne, ba jinin Dawuda ba. A 63 kafin miladiyya kuma janar ɗin Rumawa, Pompi, ya ci Ƙudus, har ya kutsa cikin ɗakin nan mafi tsarki na Haikali wanda babban limami kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara. Bayan wannan wulaƙanci aka rubuta wasu addu'o'i da aka jingina wa Annabi Sulaimanu, ana roƙon Allah ya tayar da ɗan Dawuda ya kakkaɓe baƙi daga Ƙudus. Wato dai yawancin talakawa sarki suke jira, mai takobi da adalci, wanda kowa zai ga aikinsa da idonsa.

Amma bakinsu bai zo ɗaya ba. A 1947 wani makiyayi Balarabe ya ci karo da tsofaffin naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a wani kogo a Kumran, gefen Tekun Gishiri, daga baya aka samu wasu a kogunan da ke kewaye. Mutanen da suka ajiye su sun ƙaurace wa Haikali ne don suna ganin limaman sun lalace. Su almasihu biyu suke jira, ɗaya limami daga gidan Haruna, ɗaya sarki, ga kuma annabi a tare da su. Akwai wani guntun rubutu cikin kayansu da ke cewa a zamanin almasihu za a warkar da masu rauni, a tayar da matattu, a yi wa matalauta bushara. Kusan abin da Linjilar Matiyu da ta Luka suka ce Isa ya lissafa ke nan lokacin da Yahaya ya aiko daga kurkuku yana tambaya ko shi ne mai zuwa. Sadukiyawa kuwa, ƙungiyar manyan limamai masu riƙe da Haikali, ko tashin ƙiyama ba su yarda da shi ba, kuma zaman lafiyarsu da Rumawa ya fi musu komai.

Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yosefus, Bayahuden da ya rubuta tarihin wannan zamani, ya kawo labarin mutane da dama da jama'a suka yi tururuwa a bayansu. Yahuza Bagalile ya tayar da ƙura a shekara ta 6 miladiyya kan ƙidayar haraji, yana cewa ba su da ubangiji sai Allah. Wajen 45 wani mai suna Tudas ya ja taro zuwa Kogin Urdun, ya ce ruwan zai dare musu su wuce; gwamnan Rumawa ya tura mahaya, aka sare kansa aka kai Ƙudus. Bayansa wani Bamisire ya tara mutane a Dutsen Zaitun, wai da umarninsa ganuwar birni za ta zube. Sojoji suka far musu, shi ya sulale. Mu kam bai kamata mu yi musu dariya ba. Ka tuna yadda kakanninmu suka kama hanyar gabas suna sa ran Mahdi da Turawa suka shigo, da abin da ya faru a Burmi a 1903 da Satiru a 1906.

To, a cikin wannan yanayi Isa ya taso, kuma Linjila ba ta ɓoye cewa cikin al'adar Yahudawa ya rayu ba. An yi masa kaciya a rana ta takwas. Yakan shiga majami'a ran Asabar, a Nazarat ma littafin Annabi Ishaya aka miƙa masa ya karanta. Da aka tambaye shi umarnin da ya fi girma, ayar Attaura ya jawo, wadda ke cewa Ubangiji Allahnmu ɗaya ne, wadda har gobe Bayahude mai ibada yake karantawa safe da dare. Almajiransa ma tunaninsu irin na sauran jama'a ne. A farkon littafin Ayyukan Manzanni na cikin Baibul tambayar da suka yi masa ita ce ko yanzu ne zai maido wa Isra'ila mulki. Wannan tambaya tasu ta fi min dogon sharhin malamai bayani.

Inda hanya ta rabu shi ne gicciye. Mu mun san ayar Suratun Nisa'i da ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, kamanta musu aka yi. Amma Yahudawan lokacin da Kiristocin farko duka sun tafi a kan an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus, wanda ya riƙe Yahudiya daga 26 zuwa 36, kuma a kan haka gardamarsu ta ginu. Gicciye hukunci ne da Rumawa ke yi wa bayi da 'yan tawaye, ga shi Attaura ta ce wanda aka rataye a bisa itace la'ananne ne. Sai Bayahude ya ce, ta yaya wanda aka aiko ya kori Rumawa zai ƙare a hannunsu? Ishaya ya ce za a narkar da takubba a ƙera garemani, kyarkeci ya kwanta da ɗan rago. Ina abin yake, ga mai karɓar haraji nan zaune a inda yake jiya? Almajiran suka amsa da cewa ya tashi daga matattu, suka koma cikin littafin Ishayan suka nuna babi na 53, mai maganar bawan Allah da ya sha wuya saboda laifin wasu, suka ce sauran alkawuran sai ya dawo. Malaman Yahudawa da yawa kuma suka ce bawan nan al'ummar Isra'ila ce kanta. Bulus ma, babban mai yaɗa Kiristanci wanda ya fito daga Farisiyawa, ƙungiyar malaman Attaura na Yahudawa, ya amsa a rubuce cewa wannan wa'azi abin tuntuɓe ne ga Yahudawa.

Duk da haka shekaru da yawa rigimar cikin gida ce. Jama'ar Ƙudus a ƙarƙashin Yaƙub, wanda ake kira ɗan'uwan Isa, sun ci gaba da zuwa Haikali suna kiyaye Attaura. Abin da ya dagula lissafi shi ne shigowar waɗanda ba Yahudawa ba. A yi musu kaciya ko a ƙyale su? Wajen 49 aka zauna a Ƙudus aka ce a sauƙaƙa musu, su dai guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka shaƙe, da zina. Na san jerin nan ba zai yi maka baƙo ba. Ko bayan haka sai da Bulus ya tsaya wa Bitrus, babban almajirin Isa, ido da ido a Antakiya, don Bitrus ya janye daga cin abinci tare da marasa kaciya.

Yaƙi ne ya ƙarasa raba su. A 70 Titus, janar ɗin Rumawa, ya rushe Haikali. A 132 Shimon bar Kokhba ya tashi a zamanin sarkin Rumawa Hadriyan, har ya buga kuɗinsa, kuma babban malami Akiba ya ce shi ne Almasihu. Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya kawo cewa wani malamin ya mayar masa: Akiba, ciyawa za ta tsiro a kumatunka ɗan Dawuda bai zo ba. Yahudawa mabiya Isa ba su da yadda za su shiga ƙarƙashin tutar wani almasihun, kuma Jastin, marubucin Kirista na wannan ƙarni, ya ce Bar Kokhba ya gana musu azaba a kan haka. A 135 Rumawa suka murƙushe tawayen, suka hana Yahudawa zama a birnin, shugabancin cocin Ƙudus ya koma hannun waɗanda ba Yahudawa ba. Amma da wani mai wa'azin Kirista, Markiyon, ya zo Rum yana cewa a watsar da littattafan Yahudawa gaba ɗaya, coci ta kore shi wajen 144. Shi ya sa in ka buɗe Baibul ɗin maƙwabcinka za ka tarar kusan kashi uku cikin huɗu littattafan Bani Isra'ila ne.

Ma'aunin Yahudawa kuwa bai gusa ba. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta shi a fili: sarki daga gidan Dawuda, wanda zai gina Haikali a mazauninsa ya tattaro warwatsattsun Isra'ila, in ya mutu bai yi ba, to ba shi ba ne. Jiran ma ya sake jefa su cikin rami a 1665, da wani mutumin Izmir, Shabbetai Zebi, ya ce shi ne, mutane suka yi ta sayar da kadarorinsu suna shirin tafiya Ƙudus. Shekara na zagayowa aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Usmaniyya, ya musulunta.

In kun sake zama da maƙwabcin naka, tambaye shi yadda ake karanta musu Ishaya 53 a cocinsu, ka rubuto min abin da ya ce. Ka miƙa gaisuwata gare shi, da Hajiya da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ku, suna kuma tambaya ko za ku zo Babbar Sallah.

Wassalam,
Naka amini.