Wa ya amince, goggona ko mai POS?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Makon jiya na raka goggona, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wajen wani yaro mai POS a bakin kasuwa don ya buɗe mata asusu a waya, tunda yanzu ko mai sayen kwalba ɗaya sai ya ce zai tura. Yaron ya sauke manhajar, ya sa lambarta ta NIN, ya ce ta kalli kyamara ta ƙifta ido. Can sai ga wani dogon rubutu da Turanci, ƙarƙashinsa ɗan akwati. Kafin in buɗe baki ya danna ya wuce. Na ce, "Samari, me ka amince mata da shi?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai in ba a danna ba, ba ta buɗewa." Ita kuwa Goggo cewa ta yi, "Ku da kuka yi boko ai kun sani."

Wallahi ban sani ba. Sai da daddare na zauna na karanta, ni da nake taƙama da Turanci, na sha da ƙyar. A ciki an ce za a riƙa sanin inda wayar take, za a iya miƙa bayananta ga wasu abokan hulɗa da ba a faɗi sunansu ba, kuma kamfanin na da ikon sauya sharuɗɗan duk sanda ya ga dama. A takarda, wai Goggo ta karanta duk wannan ta yarda.

Kada mu manta yadda akasarinmu muka shiga harkar nan. Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, mutum na da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa. Ranar da manhajar banki ta ƙi tafiya, mutane suka koma OPay da PalmPay da Moniepoint da ire-irensu, kuma gaskiya sun fitar da jama'a kunya, ban musa ba. Amma wanda ke tsaye gaban mai shinkafa yana jiran alat ya shiga, ina ya ga ta karatun sharuɗɗa? Dole ce, ƙanwar na ƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, doka tana tare da Goggo, ita ce ba ta sani ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce yarda sai da sani kuma ba tilas, a nemi yardar da magana mai sauƙin fahimta, shiru ba amincewa ba ne, mutum na iya janye yardarsa, kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa an yarda. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. To ina sauƙin fahimta ga matar da ko gaisuwar Turanci ba ta ji? Tun a makarantar allo aka koya mana ciniki ba ya ƙulluwa sai da yardar juna, kuma ba a yarda da abin da ke cikin duhu.

Mun kuma ga inda sakacin ke kai mutum. Manhajojin bashi sun riƙa kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, ranar da ya makara sai surukansa da limamin unguwarsu su wayi gari da saƙon cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta taso musu a 2022, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. Duk da ɗan akwatin nan aka fara.

Roƙona ga NDPC da Babban Bankin Najeriya, a wajabta wa kamfanonin nan taƙaita sharuɗɗansu da Hausa da sauran harsunanmu, kuma da murya, minti ɗaya ko biyu: ga abin da za mu ɗauka, ga wanda za mu ba, ga yadda za ki ce kin fasa. Kamfanin da ya iya tallan garaɓasa da Hausa a rediyo ba zai ce fassara ta gagare shi ba. A kuma raba izinin da asusu ba ya aiki sai da shi da na tura tallace-tallace, mutum ya zaɓa. Wakilai masu buɗe wa jama'a asusu su ma a hore su su miƙa wa mai waya wayarsa ya danna da hannunsa.

Na koma na fassara wa Goggo abin da na fahimta. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambayo mata ko su waye abokan hulɗar nan. Na aika wa kamfanin saƙo tun ranar Talata, ina nan ina jira.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano