Ba kowace shawara ce ciwon hanta ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin iyayen yara masu jinyar sankarar jini. Akwai larurar gado da ake kira Gilbert, wadda hantar mai ita ke jinkirin fitar da sinadarin bilirubin, sai idanu su yi ruwan ɗorawa, musamman da zazzaɓi ko azumi. Ita kanta ba ta da illa.

Rikicin sai an fara maganin sankara: bilirubin ya hau, a zaci hanta ce ta taɓu, a rage wa yaro magani, ko iyaye su firgita su koma jiƙe-jiƙe. Gwajin ƙwayar gado ta UGT1A1 yana taimakawa a bambance. Don Allah asibitocinmu na koyarwa su samar da shi.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya