Zuwa ga Auta, daga Katsina

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Duk muna lafiya, sai zafi.

An nuna mini abin da ka rubuta a Facebook, wai duk Bafulatani ɗan bindiga ne, duk Musulmi kuma jira yake ya ga bayanmu. Gwaggonka ta riga ni gani. Ranar Babbar Salla ta kawo soyayyen naman layya kamar kowace shekara, ta dire kwanon a bakin ƙofa, na shimfiɗa tabarma ta ƙi zama. Matar da ta goya ka har zaninta ya koɗe. Ita ma tana cikin "duk" ɗin naka?

Na san abin da ke cin ka. Yayarka ta ce a Jos, da ka ce kai Bahaushe ne sai a fara kallonka a kaikaice, har wani ya ce ka karanto Addu'ar Ubangiji a ji. Da ciwo. A gida a ce mana arna, a can a ce ba a yarda da kai ba. To ka gaya musu tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma bishop ɗin da Katolika suka naɗa wa Katsina a 2023, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne. Wannan ya ishe su amsa.

Abin da ke hana ni barci shi ne kada ka sayi wurin zama a cikinsu da zagin danginka. Yau ka faɗa don a tafa maka, gobe ka faɗa don ka saba, jibi ka gaskata. Tsoron da nake kada wata rana ka hau bagadi da wannan zuciyar, yara suna sauraro, suna ɗauka bishara ce.

Kada ka ce ban san wuya ba. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya iso Funtuwa da Katsina, ina ganin hayaƙin majami'u da idona. Wanda ya ɓoye mu a ɗakin matarsa liman ne. Su waye suka kunna wutar, su waye suka buɗe mana ƙofa, na san bambancinsu, shi ya sa ban taɓa hana ku cin abincin maƙwabta ba, ko da matan zumunta suka yi ta gunaguni. Kai da ba a haife ka ba lokacin, wa ya ba ka fushin? Ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'ya'yan wa ne? Ka je Batsari ko Jibiya ka tambayi wa ake binnewa.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 10. Bitrus ya yi shekaru yana bin Yesu, amma yana ƙyamar shiga gidan wanda ba Bayahude ba, yana zaton tsarki ne, alhali da abin ya tashi. Sai da aka nuna masa wahayi sau uku kafin ya taka gidan Karniliyus. Ba ka fi Bitrus ba, ɗana. Duk maganar da ka ji ta zauna maka daram, ka tambayi kanka a bakin wa ka fara jin ta.

Ban ce ka saki jiki a hanya ba. In za ka zo Kirsimeti ka taso da sassafe, kada dare ya yi maka. Ka goge rubutun nan kafin baffanka ya gani, don shi ba zai yi shiru ba. Na ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ka je tasha ranar Laraba ka karɓa.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka